Daga AZERTY zuwa QWERTY: yadda yatsuna suka koma aji ɗaya

Wannan shi ne jawabin da baƙonmu ya gabatar a filin sana'a da fasaha na daren Lahadi. Baƙon namu mai shagon buga takardu ne, haifaffen Maraɗi, ya yi shekaru yana aiki a Katsina kafin ya dawo gida. Mun rage gaishe-gaishe, sauran kuwa mun bar shi yadda ya faɗa.



Ni dai sana'ata buga takardu ce. Da tafireta na fara, a wata ƴar rumfa kusa da kasuwa, ina buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Daga baya aka kawo ordinatar, wadda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke ce wa kwamfuta. Yau zan yi magana ne a kan allon maɓallan nan da muke dannawa. Mu muna ce masa kilabiye, su suna ce masa kibod. Wannan allon ya taɓa mayar da ni ɗan koyo bayan na yi shekara 9 ina cin abinci da shi.

Duk wanda ke kusa da na'ura ya dubi layin haruffa na sama, daga hagu. In ya ga A, Z, E, R, T, Y, to tsarin Faransa ne, shi ne ya fi yawa a ofisoshin Nijar da Cadi. In ya ga Q, W, E, R, T, Y, to tsarin masu Ingilishi ne, shi ake amfani da shi a Nijeriya da Gana. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Sholes ne ya tsara QWERTY, kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta mai ɗauke da shi a 1874. Daga baya Faransawa suka juya wasu haruffa, AZERTY ya fito. Ka ga ke nan babu ɗaya daga cikinsu da aka yi don Bahaushe. Kowa gado ya ci daga wanda ya mulke shi.

A ido bambancin ba shi da yawa. A da Q sun yi musayar wuri, Z da W su ma haka. M ya tashi daga layin ƙasa ya koma gefen L. Sai lambobi: a AZERTY sai ka danne Shift kafin lamba ta fito, a QWERTY kuwa kai tsaye take fita. Aya da waƙafi su ma ba wurinsu ɗaya ba. Haruffa 5 ke nan da ƴan alamomi. Wanda ke bugu da yatsa biyu yana kallon allo ba zai ji komai ba. Amma wanda yatsunsa suka haddace hanya, shi ne ke shan wuya.

Kawuna yana da shago a Katsina, inda ɗalibai ke kawo kundin bincikensu a buga musu. Ya aiko mini na je na taimaka masa, don ya ji labarin ina da sauri. Na bi ta Ɗan Isa na shiga Jibiya, ina tafe ina jin kaina. Washegari aka ba ni kujera, aka aje mini takarda. Na ɗora hannu, ban dubi allo ba, na zuba layi uku. Da na ɗaga kai sai na ga abin da ba Hausa ba, ba Faransanci ba. Kano ta zama Kqno. Zazzau ta zama Wqwwqu. Damagaram kuwa ta zama Dq;qgqrq; kamar kaza ta bi ta kan allon. Na zo rubuta 2500, na danne Shift yadda na saba, sai ga @%)) a gabana. Yaran shago suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma cikina ya ɗuri ruwa.

Abin da ya fi wannan ciwo ya zo a rana ta huɗu. Wata ɗaliba ta kawo babi guda na kundinta, za ta miƙa wa malaminta da safe. Na lallaɓa na buga shafi 11. Na yi kuskure, na kai hannu in danna Ctrl da Z don in warware. To, inda Z yake zaune a AZERTY, nan W yake a QWERTY, kuma Ctrl da W rufe takarda yake yi. Wani ɗan akwati ya fito yana tambayata da Ingilishi, lokacin ban iya sosai ba, na danna abin da bai kamata ba. Shafi 11 suka tafi, ban adana ko ɗaya ba. Yarinyar nan ba ta zage ni ba. Ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi. Sai ɗaya daga cikin yaran ne ya kwana yana sake buga mata, ni kuwa ina karanta masa.

Da farko dabara na nema. Haruffan da ke jikin maɓallai fenti ne kawai, na'ura ba ta san da su ba. A Windows kana iya ƙara tsarin Faransanci, ka riƙa sauyawa da maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara. Na yi haka, saurina ya dawo nan take. Amma shagon ba nawa ni kaɗai ba ne. Na tashi salla, yaro ya zauna, komai ya rikice masa. Wata safiya ma lambar sirrin buɗe na'urar ta ƙi shiga, aka yi awa guda ana zargin an yi mana kutse, ashe tsarin ne na bari a juye.

Kawu ya kira ni bayan shago. Ya ce, "Ɗana, ba a sarki biyu zamani ɗaya. Ko dai ka koyi namu, ko ka koma yi mana fotokofi." Na ce, "Kawu, a ba ni wata biyu." Ya ce, "Na ba ka. Amma kuɗin shafi za a riƙa biyanka kamar kowa." Ma'ana, in na buga kaɗan, kaɗan zan ci. Ga iyali na baro a gida suna jiran aike.

A nan ne na gano wani abu da ya sa na daina ganin sauyin a matsayin hukunci. Masu sauraro, ku ɗauki wannan jimla: Allah ya kai mu damina lafiya. Haruffa 24 ne a cikinta, 8 daga ciki A ne. Ɗaya bisa uku ke nan. Ku gwada da kowace magana ta Hausa, za ku ga A ya fi kowane harafi yawa. To a QWERTY, A yana layin tsakiya, daidai inda ƙaramin yatsan hagu ke hutawa. A AZERTY kuwa Q ne ke zaune a wannan kujera, harafin da Hausa ba ta aiki da shi sam, shi kuma A sai ka miƙa ƙaramin yatsa sama kafin ka taɓo shi. Shekara 9 ina wahalar da ɗan yatsan nan ban sani ba. Ga mai buga Faransanci, AZERTY yana da ranarsa, don é da è da ç duk suna kusa. Ga mai buga Hausa da yawa, QWERTY ya fi sauƙi a hannu.

Yanzu ga yadda na sake gina saurina, ko wani zai amfana.

Na fara da awo. Masu wannan sana'a suna lissafa kowane bugu 5 a matsayin kalma ɗaya, har da tazara. Ka sa agogo minti ɗaya, ka buga, ka ƙirga, ka raba da 5. A gida ina yin kalma 50 a minti. Ranar da na fara koyon QWERTY da gaske, 14 na yi. Na rubuta a bayan wani littafi, kowace Juma'a ina sake aunawa. Awon nan yana da amfani, domin akwai makon da za ka rantse ba ka ci gaba ba, sai ka duba littafi ka ga ka ƙara 4.

Na biyu, na hana idona kallon allo. Na samu ɗankwali na rufe hannuwana. Ku shafa F da J, za ku ji ɗan tudu a kan kowanne. An yi su ne don manuniyar hagu da ta dama su gane gida ba tare da ido ba, kuma wurinsu ɗaya ne a tsarin biyu. Daga nan kowane yatsa yake fita, nan kuma yake dawowa.

Na uku, ban sake koyon allon gaba ɗaya ba, tunda yawancin haruffa ba su motsa ba. Na tattara kalmomin da ke cike da haruffan da suka yi ƙaura: zama, wawa, mama, wanzami, mazauna, awaza, Zamfara, Damagaram. Minti 30 bayan sallar asuba, kafin a buɗe shago, su nake ta maimaitawa. Daga baya na ƙara lambobin waya da farashin kaya, don hannuna ya daina neman Shift.

Na huɗu, kuma shi ne mafi wuya, na yarda in yi a hankali. Duk kuskure ɗaya bugu uku yake ci: wanda ka ɓata, da gogewa, da gyara. Abin da ya fi haka muni, in ka bar yatsa yana kuskure da sauri, kuskuren yake haddacewa. Sai na riƙa bugu kamar mai daka ita kaɗai, lugude bai zo ba tukuna, taɓarya ɗaya bayan ɗaya. Sauri da kansa ya zo daga baya.

Na biyar, ban koma AZERTY ba ko sau ɗaya a wannan lokaci. Mako na uku ne ya fi tsanani. Tsohon tsari ya fara dushewa, sabon bai zauna ba, na zama ba ni nan ba ni can. Wata rana aiki ya taru, hannuna har ƙaiƙayi yake in juya tsarin in gama cikin awa ɗaya. Na daure, don taura biyu ba ta taunuwa. Ƙarshen wata na biyu na kai 38. A wata na huɗu na wuce 50 ɗin da na zo da ita.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da muke rubutawa a Nijar, wadda a Nijeriya ake rubutawa 'y. Tun shekarun 1930 ƙugiyar nan take cikin rubutun boko, amma babu ita a jikin AZERTY ko QWERTY. Zamanin tafireta, in mun gama bugu sai mu bi da biro muna lanƙwasa wa kowane harafi kai. Yanzu da yawa sun watsar, wai tana rage sauri. To ai fada daban, faɗa daban. Baki daban, baƙi daban. Kasa daban, ƙasa daban. Na taɓa ganin katin biki da aka so a ce ana maraba da manyan baƙi, aka buga manyan baki. An yi dariya, amma mai bikin bai yi ba.

Shawarata, tunda za ka sake koyar da yatsunka, ka sa ƙugiya cikin darasin tun ranar farko. Windows yana da tsarin Hausa a jerin harsunansa. Akwai kuma manhajar Keyman, kyauta ce. A cikin Word kana iya ware wa kowane harafi gajeriyar hanya ta maɓalli biyu, ko ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X, ƙ ta fito. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƴ kuma 01B4. In ka ga ɗan akwati a madadin harafi, samfurin rubutun ne ba shi da shi, sai ka koma irin su Charis SIL ko Andika. A waya kuwa, ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa.

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya a kan Dvorak, wai ya ji an ce ya fi kowane tsari. August Dvorak ya yi rajistar nasa a Amurka a 1936. Ya jera wasula A, O, E, U, I a layin tsakiya na hagu, ya sa D, H, T, N, S a dama. Akwai kuma Colemak na 2006, da BÉPO da aka yi don Faransanci. Tunda Hausa baƙi da wasali take jerawa, hannu biyu za su riƙa karɓa-karɓa a Dvorak, abin sha'awa ne. Amma malam, da Ingilishi aka auna shi, kuma kusan duk haruffan ne za su tashi, ba 5 ba. In na'urar taka ce kai kaɗai, kuma kana da watanni na haƙuri, bismilla. In kuwa kana yawo tsakanin ofis da shagon intanet da ɗakin jarrabawa, ka riƙe abin da za ka tarar a can.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya yaushe ya fi dacewa a fara. Hajiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki fara lokacin da ɗalibai ke miƙa kundi, ko ana gab da rufe lissafin shekara. Ki nemi lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ki tanadi abin da zai riƙe ki wata biyu, ki kuma gaya wa mai gidan aikinki gaskiya tun farko. Sannan ki riƙa adana aikinki bayan kowane shafi. Ctrl da S wurinsu ɗaya ne a AZERTY da QWERTY, wannan kam ba ya yaudara.

Da na dawo Maraɗi na buɗe nawa shagon, na aje na'ura biyu. Ɗaya AZERTY don takardun gwamnati da na lakwal, ɗaya QWERTY don Hausa da Ingilishi. Yanzu da kowanne ya zauna daram, hannuna yana gane su, in na fara jimlar Faransanci sai ya koma tsohon gida da kansa. Yaran da nake koya wa kuwa, ɗaya nake fara ba su, sai sun kai kalma 30 a minti da ƙugiyarsu cikakkiya kafin su taɓa ɗayan.