Rage ƙarfe, ƙara ƙarfi: labarin dutsen ganet



Lokacin ambaliyar 2022, da ruwa ya datse hanyoyi a yankinmu na Kirikasamma, waya ce kaɗai ta haɗa ni da mahaifiyata. Tun daga nan nake kallon turken sabis da mutunci. To a cikin irin waɗannan turaku akwai 'yar na'ura mai raba saƙon da ke fita da wanda ke dawowa, kuma sau da yawa da wani dutse ake yin ta, wai shi ganet na ƙarfe. A ɗakin gwaji ake haɗa shi. Bertaut da Forrat ne suka gano shi a Grenoble ta Faransa a 1956.

Kowane rukuni na dutsen nan yana da ƙwayar zarra uku ta itiriyom, biyar ta ƙarfe, 12 ta oksijin. Kowace ƙwayar ƙarfe ƙaramin maganaɗisu ce, amma fa kansu ba a haɗe yake ba. Ku ɗauka mutum biyar ne a kwale-kwale, uku na tuƙi wajen Nguru, biyu wajen Haɗeja. Jirgi zai nufi Nguru, amma da ƙarfin mutum ɗaya tal. Louis Néel ne ya bayyana wannan ja-in-ja a 1948.

Yauwa, ga inda abin yake da daɗi. Idan aka zuba alminiyom ko galiyom, waɗanda ba su da maganaɗisu, sun fi son zama a kujerun mutum ukun nan. Sai ɓangaren Nguru ya yi rauni, ƙarfin dutsen ya ragu. Idan kuwa sikandiyom ko indiyom aka sa kaɗan, kujerun mutum biyun suke kamawa. Masu ja da baya sun ragu ke nan, sai ƙarfin ya ƙaru. Kun ji fa, an rage ƙarfe, maganaɗisu ya ƙaru!

Sai dai komai da farashinsa. Tsantsar dutsen yana riƙe maganaɗisunsa har zafi ya kai kusan digiri 285 a ma'aunin salshiyos. Duk ƙwayar ƙarfen da aka cire, ko daga wane ɓangare, wannan iyaka sauka take yi, domin haɗin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya sassauta. Shi ya sa injiniya ke auna abin da zai zuba kamar mai sa gishiri a miya, ya daidaita ƙarfin dutsen da zangon saƙon da na'urar za ta ɗauka, kuma ta jure ranar watan Afrilu irin tamu.

Ɗalibanmu masu karatun kimiyya, ku riƙe wannan: kafin ku tambayi nawa aka cire, ku fara tambayar daga wace kujera aka cire.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.