Jawabin Shugabar Mata: Mu Karrama Yaranmu Masu Aikin Gayya

Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri.

Maganata ta yau a kan yaranmu ce, kuma za ta ɗan yi ɗaci, ku yi haƙuri da ni.

Duk mun san yadda ake yi in kakar zaɓe ta zo. Yaron da ya iya ihu, ya iya ɗaukar gora da barandami, shi ake nema, shi ake cika wa aljihu, wani lokacin har da kuɗin ƙwaya. A Kano a ce 'yan daba, a Bauchi sara-suka, a Gombe kalare. Zaɓe na wucewa a watsar da shi, a bar uwarsa da zaryar ofishin 'yan sanda ko asibiti. Shi kuwa wanda ya tara abokansa suka yashe kwatar unguwa kafin damina, ko sannu babu mai ce masa. To, ƙannensu fa suna kallo. Wanda suka ga ana yi wa tukwici, shi za su kwaikwaya.

Kuma wallahi muna da yaran kirki. Ku tuna watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Matasa sun shiga ruwa suna fito da tsofaffi da ƙananan yara, wasu suna dafa abinci suna kai wa waɗanda suka rasa matsuguni. A unguwanninmu ma akwai irinsu. Akwai wanda za a kira da tsakar dare a ce mai haihuwa tana zubar da jini, ya taso ya ba da leda guda, bai san ta ba, bai karɓi ko sisi ba. Akwai masu gyaran maƙabarta, da 'yan agajin da ke tsayuwa a rana a filin Idi, da 'yan matan da ke tara yaran maƙwabta da yamma suna koya musu karatu kyauta.

Ga abin da nake roƙonku. Kowace shugabar mazaɓa ta kawo sunaye uku, lallai da mace a ciki, tare da aikin da kowa ya yi, kuma mai unguwa ko liman ya shaida. Don Allah ban da ɗan cikinki, ban da ɗan ƙawarki in bai yi komai ba. Kada a tambayi yaro katin jam'iyya. Wanda ya ba da jini bai tambayi jam'iyyar mai naƙuda ba.

Ranar 5 ga Disamba ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu aikin taimako kyauta. A ranar za mu kira su gaban iyayensu, mu faɗi aikinsu, mu ba su takardar yabo da kayan aiki: shebur, baro, safar hannu, takalmin roba, allo da alli. In kowacce ta rage kaɗan daga kuɗin anko, ya isa.

Kada kuma abin ya tsaya a ɗaukar hoto. In gurbin koyon sana'a ko tallafin karatu ya zo ta hannunmu, sunayensu ne a gaba. Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai. Wanda ya yi wa unguwa hidima ba a biya shi ba, shi ya kamata mu fara tunawa da shi in ana neman wakili.

Kafin nan, in kin ga yaro cikin kwata da shebur, tsaya ki ce sannu, ki aika masa ruwan sanyi, ki je ki faɗa wa mahaifiyarsa. Yaba kyauta tukwici.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yi musu albarka. A tura wa sauran 'yan'uwa. Wassalamu alaikum.