Kujera Suna Ɗaya, Zama Daban-Daban

 

Yau kan kalma ɗaya za mu tattauna, wato kujera. Abin da ya jawo zancen, wata tsohuwa ce a unguwarmu aka zo aka yi mata albishir cewa ɗanta ya biya mata kujera. Sai ta ce, "Wace irin ɓarnar kuɗi ce wannan, tawa ta tsakar gida ai ba ta karye ba!" Aka yi ta dariya kafin a fahimtar da ita kujerar Makka ake nufi. Nan take ta fashe da kuka don murna.

To Baba ba ta yi kuskure ba. A gidan Bahaushe na da, kujera kayan mace ce. 'Yar guntuwar nan da masassaƙi ke sarowa daga icce, a kanta ake girki, a kanta ake wanke-wanke da kitso. Maigida tabarma ce tasa, malam kuma buzu. Ko sarki ba a cewa ya hau kujera. Mai martaba Sarkin Katsina Abdulmumini Kabir Usman gadon sarauta ya hau a 2008.

Daga baya kalmar ta fita waje ta yi girma. A aikin Hajjin 2023 kujeru 95,000 Saudiyya ta ba Nijeriya. A labaran duniya kuna jin an ce Amurka ko Rasha ta hau kujerar naƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ma'ana ta ƙi yarda, magana ta mutu ke nan. Ba zan ma taɓo saitin kujerun amarya ba, waɗanda ke jefa iyaye cikin bashi, wannan shiri guda ne.

Wadda ta fi damuna ita ce kujerar mulki. Majalisar Dokokin Jihar Katsina kujeru 34 gare ta. Ranar zaɓe ku dubi layi, mu ne da goyo cikin rana tun safe. Amma a zaɓen 2023, cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa, waɗanda mata suka samu ba su kai biyar ba. A watan Maris na 2022 an kai ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman, 'yan majalisa suka yi watsi da shi. Alhali a kan kujerun nan ake yanke kuɗin asibitin haihuwa da na makarantun 'ya'yanmu.

Ban ce kowace mace ta tsaya takara ba, Hajiya, kar maigida ya kashe rediyo! Amma in mai neman kujera ya aiko da atamfa da sabulu, ki tambayi 'yar aiken me ya yi wa asibitin unguwarku.

Lokaci ya yi halinsa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.