Kwabo: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari

Yau hirar tamu a kan kalmar nan ce da ba ta barin bakinmu, wato kwabo. Yaro ya zo neman kuɗin alawa, sai ki ce, "Wallahi ko kwabo ba ni da shi." To, kin san Turanci kika yi?

Asalin kalmar ita ce copper, ma'anarta jan ƙarfe. Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Latin, inda aka raɗa wa ƙarfen sunan tsibirin Kubrus, don can Rumawa suke haƙo shi. Da yake da jan ƙarfe ake buga ƙananan kuɗin Ingila a da, sai sunan ya bi kuɗin.

Bature yakan furta ta kamar "kofa", ba a jin harafin ƙarshe. Bahaushe ba shi da "p", sai ya mai da shi "b", kamar a asibiti. Shi kuma "ko" ya koma "kwa", irin na kwalta da kwaleji.

Kafin Turawa su shigo Kano a 1903, da wuri kakanninmu na Sheshe suke aike kasuwar Kurmi. Daga baya aka kawo kwabo mai huda, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Gowon, aka fito da naira, kwabo 100 naira guda.

Kada ki ce ai kwabo ya mutu tunda ba a karɓarsa a kanti. Yana nan cikin wayarki. In an turo miki kuɗin hula ko na ƙuli-ƙuli, duba saƙon banki da kyau, za ki ga ɗigo da lambobi biyu a ƙarshe. Waɗannan biyun kwabbai ne. In kin ga 500.00, naira ɗari biyar ce, ba dubu hamsin ba. Wanda ya san ba ki gane wannan ba, yana iya nuna miki sifili rututu ya kwashe kayanki. Saboda haka ki nemi ɗigon tukuna kafin ki miƙa wa ɗan aike kaya, ki kuma koya wa abokiyar zamanki.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.