HANNUN SHARI'A DA IYAKAR ƘASA

Jawabin wayar da kan jama'a da aka yi a Orozo, Yankin Babban Birnin Tarayya

  Maganar da muka zo da ita yau ita ce yadda lauyoyin gwamnati da alƙalai na ƙasashe dabam-dabam suke haɗa kai don hukunta miyagun da ke ɓarna a wata ƙasa su fake a wata.

Inda Ikon Alƙali Ya Tsaya

Nan Orozo, tsakaninmu da Jihar Nasarawa babu nisa. In ɓarawo ya saci babur a nan ya tsallaka can, 'yan sanda suna iya bin sawunsa su kamo shi, gama ƙasa ɗaya ce, rundunar 'yan sanda kuma ɗaya ce. To, amma a ce ya miƙe Katsina, ya bi ta Jibiya ya faɗa Maraɗi. Nan tilas ɗan sandanmu ya tsaya. Ikon alƙalin Nijeriya ba ya wuce bakin iyaka, kuma sammacinsa ba shi da ƙarfi a Maraɗi sai alƙalin can ya yarda da shi. Haka nan mu ma ba mu yarda 'yan sandan wata ƙasa su shigo su kama mutum a kasuwarmu ba. Wannan shi ne mulkin kai.

Miyagu kuwa sun san da haka sarai. Iyakarmu da Jamhuriyar Nijar kaɗai ta kai wajen kilomita 1,500, kuma akasarinta fili ne da daji. Masu fataucin mutane, da na miyagun ƙwayoyi da makamai, da ɓarayin motoci da shanu, da 'yan damfara ta intanet, duk sukan rarraba aikinsu. Wanda ya yaudari yarinya yana Kano, direban da ya ɗauke ta yana Agadas, mai karɓar kuɗin yana Libiya ko Italiya. Ko an kama ɗaya, shaidar da za ta tabbatar da laifinsa tana hannun wata ƙasa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan ita ce ake ƙoƙarin liƙewa.

Yarjejeniyoyin da Aka Ƙulla

A shekarar 1992, a birnin Dakar, ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar taimakon juna wajen shari'ar laifuffuka. A 1994 kuma, a nan Abuja, suka ƙulla ta miƙa wa juna waɗanda ake nema. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da babbar yarjejeniyar yaƙi da ƙungiyoyin miyagu masu ƙetare iyaka, aka sa mata hannu a Palermo ta ƙasar Italiya, Nijeriya kuwa ta tabbatar da amincewarta a 2001. A gida, muna da dokar miƙa masu laifi tun 1966, sa'an nan a 2019 aka yi dokar taimakon juna da ƙasashen waje a kan shari'ar laifuffuka.

Yadda Aikin Yake Tafiya

Roƙo iri biyu ne. Na fari, neman shaida. Lauyan gwamnati zai rubuta abin da yake bukata, watau a ɗauko masa maganar wani mai shaida, ko takardun banki, ko a tsare wata dukiya kada a kawar da ita. Takardar za ta bi ta wani sashe na musamman a ofishin Atoni-Janar na Tarayya, daga nan ta tafi ga takwaransa na waccan ƙasa, shi kuma ya kai gaban alƙalinsu.

Na biyu, neman a miƙo mutum. In wata ƙasa ta nemi wani da ke zaune a Nijeriya, Atoni-Janar ba shi da ikon ya kama shi ya tura kawai. Sai an kai shi Babbar Kotun Tarayya, ya ɗauki lauya, alƙali ya duba. Shin abin da ake tuhumarsa laifi ne a ƙasashen biyu? Shin ba saboda siyasa ko addini ko ƙabila ake nemansa ba? In alƙali bai gamsu ba, sai a sallame shi. Ku lura, wannan sharaɗi garkuwa ce gare ku da 'ya'yanku da ke neman abinci a ƙasashen waje.

Hanya Mai Kyau da Hanyar Ratse

Wani zai ce ina amfanin wannan doguwar hanya? Tarihi ya ba mu amsa. A watan Yuli na 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon Ministan Sufuri, a birnin Landan. Aka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin sama, ana shirin kawo shi Legas. Gwamnatin soja ta lokacin ta ce ba ta da hannu. Kotun Ingila ta ɗaure mutum 4, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami har shekara 2, shi kuwa wanda ake nema ya ci gaba da zamansa a can. Ratse bai kai kowa gida ba.

Ga kuma abin da hanyar doka ta haifar. A 2003, da 'yan fashin motoci suka addabi Legas suna tserewa Kwatano, Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakarta da Jamhuriyar Benin na 'yan kwanaki. Bayan shugabannin ƙasashen biyu sun gana, aka bi sawun Hamani Tijjani, wanda ake zargi shi ne madugun, aka kama shi a Mali, aka kawo shi ya gurfana gaban kotu a Nijeriya. James Ibori, tsohon Gwamnan Jihar Delta, a Dubai aka kama shi, aka miƙa shi Ingila a 2011, a 2012 ya amsa laifinsa aka ɗaure shi shekara 13. A 2021 aka dawo wa Nijeriya da fam miliyan 4.2 na dukiyar da aka ƙwace.

Kuɗin baitulmali da aka fitar zamanin mulkin marigayi Janar Sani Abacha su ma ta kotuna suka dawo. A 2005 Kotun Ƙolin Suwizalan ta yanke a maido da wajen dala miliyan 458. A 2017 aka amince da maido da wasu miliyan 321. A 2020 kuma aka karɓi sama da miliyan 311 daga Amurka da tsibirin Jasi, bisa sharaɗin a kashe su a kan hanyar Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu a kan Kogin Kwara, da hanyar Abuja zuwa Kano da yawancinku kuke bi. Daga rasuwarsa a 1998 zuwa wannan biya na 2020, shekara 22 ke nan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Wahalolin da Ake Fuskanta

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin yana da jinkiri. Maƙwabtanmu da Faransanci suke shari'a, kuma tsarinsu dabam ne. A Nijar akwai alƙali wanda shi da kansa ke jagorancin binciken manyan laifuffuka, alhali a wurinmu 'yan sanda ne ke bincike, lauyan gwamnati ya gabatar da ƙara. Takarda takan yi wata da watanni ana fassara ana mayarwa. Don rage wannan ne a 2013 aka kafa wani dandali na lauyoyin gwamnati na Afirka ta Yamma, mai suna WACAP, domin kowa ya san takwaransa ido da ido, ya kira shi kafin takarda ta isa. A 2018 kuma aka tura lauyan gwamnatin Nijeriya ya zauna tare da takwarorinsa a Italiya saboda shari'o'in fataucin mutane. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ta ƙara nauyin aikin. Duk da haka, zumuncin Katsina da Maraɗi ya girmi kowace ƙungiya, kuma ɓarawon da ya cuci ɗaya ba zai ƙyale ɗayan ba.

Abin da Ake Bukata Daga Gare Ku

Jama'a, alƙali ba ya hukunci da jita-jita. Duk takardar da za ta tafi ƙetare, da maganar mai shaida take farawa, mai shaidar kuwa ku ne. Saboda haka, in wani ya zo da alkawarin samar wa 'yarka aiki a ƙasar waje, bincika ƙwarai, ka adana sunansa da lambar wayarsa da rasidin duk abin da ka biya. In abin ya ba ka shakka, kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Kada ka ara wa kowa asusunka na banki a zuba kuɗin da ba ka san tushensu ba, gama sunanka ne zai fito a takardar da alƙalin waje zai nema. Kada ka sayi mota ko babur ko shanu marasa takarda don arha. Direbobi, ku san abin da kuka ɗauka. In kuma aka kira ka shaida, je ka faɗi abin da idonka ya gani, kada ka ƙara, kada ka rage.

Muna roƙon iyayen ƙasa da limamai su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.