Kaisar Yana Saurayi: Tsakanin Tarihi da Ƙagaggen Labari



Yawancinmu mun fara sanin Juliyas Kaisar ne a sakandare, ta wasan kwaikwayon Shakespeare, inda muka tarar da shi dattijo, ajali na ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yau kuwa muna so mu koma ga samartakarsa, lokacin da marubutan ƙagaggun labarai suka fi sha'awa, don mu ga abin da suka tarar da abin da suka ƙara.

An haife shi a shekara ta 100 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Yana da shekara kamar 19 ya tafi aikin soja a gabashin daular Rum, ƙarƙashin gwamna Tarmus. A yaƙin da aka ci garin Mitilini aka ba shi kambin ganye, wanda Rumawa ba su bayarwa sai ga wanda ya ceci ran ɗan ƙasa a fagen fama. Iyakar abin da Suwetoniyus ya rubuta ke nan, jimla guda. Wa ya ceta? Ta yaya? Tarihi ya yi shiru. A nan marubuci yake da fili, kuma ba mu ga laifinsa ba in ya cika mana shi da ƙura da ƙarar takubba.

Sai labarin 'yan fashin teku, wajen shekara ta 75. Fulutak ya ce sun kama shi sun yanka fansar talanti 20, shi kuwa ya yi musu dariya ya ce ba su san wanda suka kama ba, su mai da ita 50. Kwana 38 ya yi a hannunsu yana karanta musu waƙoƙinsa, yana cewa zai gicciye su. Da ya kuɓuta ya tara jiragen ruwa, ya cika alkawari. Labari mai daɗi, amma mu tambayi kanmu: daga bakin wa ya fito? 'Yan fashin dai ba su rayu sun ba da nasu ba, Fulutak kuma ya yi rubutu ne bayan kamar shekara 150 da mutuwar Kaisar. Mu a ganinmu, hannun gwanin yabon kai bai yi nisa da wannan labari ba.

Inda muke ja da marubuci shi ne inda ya rushe abin da ya tabbata. Conn Iggulden, a littafinsa na 2003, ya mai da Burutus abokin ƙuruciyar Kaisar, suna tashi gida ɗaya, alhali Kaisar ya girme shi da kimanin shekara 15. Wannan ya ƙara wa cin amanar shekara ta 44 zafi, gaskiya ne. Amma mai karatun da bai taɓa buɗe Fulutak ba zai rufe littafin yana ɗauka haka aka yi, har ya koya wa na bayansa.