Madatsar Ƙanƙara: Yadda Zafin Cikin Gida Yake Jawo Yoyo a Ƙasashen Sanyi



1. Gabatarwa

Maganar da zan yi a yau ta shafi rufin gida a ƙasashen da ƙanƙara take sauka, kamar arewacin Amurka da Kanada. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da wannan? Dalilai biyu ne. Na farko, 'ya'yanmu da ƙannenmu suna zaune a waɗannan ƙasashe, wasu suna karatu, wasu sun tara iyali har sun mallaki gidaje, kuma asarar da zan bayyana tana iya faɗa wa kowanensu. Na biyu, harshe ba ya ƙarfi sai an ɗora masa kaya. In Hausa ta iya bayyana abin da ba ya aukuwa a ƙasar Hausa, to, babu ilmin da zai gagare ta.

Abin da nake so in tabbatar guda ɗaya ne, watau yoyon da yake ɓata gidajen can a lokacin hunturu, daga cikin gidan yake samo asali.

2. Kalmomi

Da kalma ɗaya Bahaushe yake kiran duk ruwan da ya daskare, watau ƙanƙara. A nan dole mu rarrabe. Akwai dusar ƙanƙara, wadda take sauka daga sama fara fat, mai laushi kamar auduga. Akwai kuma ƙanƙara sosai, watau ruwan da ya sandare ya yi tauri kamar dutse. Ruwa yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin santigireti. Tudun ƙanƙarar da yake taruwa a bakin rufi ya tare wa ruwa hanya, shi zan kira madatsar ƙanƙara, bisa kwatanci da madatsar ruwa irin ta Tiga.

3. Yadda madatsar take samuwa

Yawancin gidajen can jinka gare su mai gangara. Akan rufe ta da fallayen kwalta, kowane falle ya hau kan na ƙasa da shi kamar ɓawon kifi. Irin wannan rufi yana korar ruwan da yake gangarowa, amma ba a yi shi domin ruwan da ya tsaya ba. Tsakanin silin da jinka kuwa akwai sarari, wanda ya kamata ya zauna da sanyi kamar waje.

To, sai dusar ƙanƙara ta sauka ta lulluɓe rufin. A cikin gida an kunna na'urar ɗumama ɗaki. Zafi ya tashi sama, ya ratsa silin, ya ɗumama jinka daga ƙasa. Dusar da ke kwance a kai ta zama kamar bargo, ta riƙe zafin, sai ta ƙasan ta fara narkewa ko da a waje ana tsananin sanyi. Ruwan ya bi gangara har ya iso bakin rufi. Shi kuwa bakin rufi ya zarce bango, babu ɗaki a ƙarƙashinsa, saboda haka a sanyaye yake. Nan ruwan zai sake daskarewa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har tudu ya tashi. Ruwan da ya biyo baya ya rasa mafita, ya taru a bayan tudun, ya koma sama ya kutsa ƙarƙashin fallaye, ya sauka cikin silin da bango.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a gidan soro. Kowane magini ya san cewa soro ba ya yoyo muddin ruwa yana wucewa. Ranar da indararo ya toshe, ruwa ya kwana a kai, ranar zai nemi hanya ta cikin azara. Bambancin kawai shi ne, namu indararon shara da ganye ne suke toshe shi, nasu kuwa ruwan ne da kansa yake gina wa kansa shinge.

Ɓarnar ba kaɗan ba ce. Silin ya jiƙe ya rufto, fenti ya kumbura, katako ya ruɓe, funfuna ta kama bango ta dami masu ciwon ƙirji. Nauyin ƙanƙara yakan ɓamɓare magudanar rufi gaba ɗaya. A hunturun shekarar 2014 zuwa 2015 dusar ƙanƙarar da ta sauka a birnin Boston ta kai inci 110.6, watau kusan santimita 281, wadda ba a taɓa rubuta irinta ba a birnin. Gidaje masu yawan gaske suka yi yoyo ta wannan hanya.

4. Ta ina zafin yake fita?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A nan ma tsaga ce tushen abin. Iska mai ɗumi tana sulalewa sama ta kewayen fitilun da aka saka cikin silin, da gefen bututun hayaƙi, da ramukan da aka huda domin waya da bututun ruwa, da ƙofar hawa sararin rufi. Wani gidan ma fankar da take fitar da tururin banɗaki a cikin sararin nan take zubar da shi, maimakon waje. Ban da wannan, idan abin tare zafi da aka shimfiɗa a kan silin bai yi kauri ba, zafi yakan ratsa shi kai tsaye.

Alamar da maigida zai lura da ita ita ce tsinkayen ƙanƙara masu kauri da suke rataye a bakin rufi. Baƙo yakan tsaya yana sha'awarsu, har ya ɗauki hoto. Mai gidan da ya san ma'anarsu kuwa ya san kuɗin wutarsa ne yake fita ta sama, kuma ruwa yana nan tafe.

5. Rigakafi

Maganin abin shi ne a bar rufi ya yi sanyi tun daga ƙololuwa har baki, domin dusar ta zauna ba ta narke ba. Matakai huɗu ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

Na farko, a toshe duk tsagar da iskar ɗaki take bi. Wannan shi ne gaba da kome, domin shimfiɗa abin tare zafi a kan rami ba ya hana iska wucewa.

Na biyu, a ƙara kaurin abin tare zafi. A yankuna masu tsananin sanyi yakan kai santimita 40 ko fiye.

Na uku, a buɗe wa iskar waje hanya, ta shiga ta ƙarƙashin bakin rufi ta fita ta ƙololuwa, ta tafi da ɗan zafin da ya kuɓuto. Ƙa'idar gini da yawancin jihohin Amurka suke bi ta sa faɗin kafofin iska ya zama kashi 1 cikin 150 na faɗin sararin, sai a wasu sharuɗɗa da akan yarda da 1 cikin 300.

Na huɗu, tun ran gini tun ran zane. Lokacin da ake sabon rufi a manna shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa a ƙarƙashin fallaye, daga bakin rufi har ta wuce layin bango zuwa ciki da inci 24 aƙalla. Ba ta hana tudun tashi, amma tana hana ruwa shiga.

Haka kuma a share ganyen da ya cika magudana kafin sanyi ya shigo, kamar yadda muke hawa soro mu gyara indararo, mu sake yaɓen makuba kafin damina.

6. Idan abin ya riga ya auku

Bayan kowace saukar dusa mai yawa, a tsaya a ƙasa a ja ta bakin rufi da manjagara mai doguwar ƙota, ana lura da wayar lantarki. Idan tudu ya riga ya tashi, akan cika safa da gishirin kalsiyam kuloraid a ɗora ta a gicciye, ta narkar da 'yar hanya ruwa ya bi. Akwai kuma ma'aikata masu narkar da shi da tururi. Amma hawa tsani a kan santsi da gatari a hannu, wannan muguwar rawa ce, gara ƙin tashi. Mai yin haka yakan fasa rufinsa, wani lokaci ya karya ƙashinsa.

7. Kammalawa

A taƙaice, jama'a, dusar ƙanƙara ita kaɗai ba ta isa ta shiga gida ba sai zafin gidan ya buɗe mata ƙofa. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda yake da ɗan'uwa a can, ya isar masa da saƙo cewa lokacin duba silin shi ne tun ganye bai gama zuba ba. Ku kuma ɗalibai, ga kalmomin da na yi amfani da su na ajiye a gabanku. Ku auna su, inda kuka sami waɗanda suka fi su dacewa ku kawo, domin haka harshe yake bunƙasa.